Baba Kashe da Ƙwan Baranda

Ba da wannan suna aka haife shi ba, kuma har yau ba ya son sa. Amma a ƙauyen nan in ka tambayi gidan mai shago, za a ce maka masu shago biyu ne, wanne kake nufi? In ka ce Baba Kashe kuwa, ko akuya za ta nuna maka ƙofar. Jikokinsa ne suka laƙaba masa, don duk ɗakin da ya leƙa kalma ɗaya ce a bakinsa. Kashe ƙwan nan. Kashe fankar nan. Kashe rediyon nan tunda ba mai saurare. Daga tsakar gida sunan ya tsallake katanga ya bi gari, har direbobin da ke sauke masa kaya suka ɗauka.

Kada a ɗauka marowaci ne. Bai taɓa barin baƙo ya fita gidansa da yunwa ba, kuma in yaro ya zo sayen sukari yakan ƙara masa alewa a kai. Wuta ce kawai ba ya wasa da ita, wannan kuma gado ne. Mahaifinsa manomi ne mai fitilar ƙwai guda ɗaya tak a gidan mutum goma sha. Da murfin kwalba tsohon yake auna kananzir, ya rage lagwani har sai harshen wutar ya koma kamar ƙwayar wake, sannan ya ce kowa ya yi abin da zai yi da sauri. A gaban fitilar nan Baba Kashe ya koyi darasin da ya riƙe har furfura: abin da ke haske shi ke ci. In ka ga haske, to wani abu na ƙonewa, kuma aljihun wani ne.

Ya yi noma, ya yi dako a kasuwa, ya yi tallan sabulu a kan keke, har Allah ya ba shi ɗan shago jingine da katangar gidansa. A tsakanin nan ya auri matar da ta zauna da shi a duk wannan fafutuka. Tun da suka haifi 'yarsu ta ƙarshe yake kiranta Uwar Auta, ita kuma Malam take ce masa, ko da suna faɗa. Mace ce mai baki, mai dariya, wadda ba ta iya zama hannu biyu. Da rana awaki ne, kaji ne, lambun bayan gida ne, girki ne, ga tsaron shago in ya tafi gona. Lokacin kanta ɗaya ne, bayan an ci abincin dare an wanke kwanuka. A nan take jawo kwandonta na zare da kwarashi ta hau saƙa. Hula, safa, rigar sanyi ta jarirai, duk tana yi, amma abin da take ji da shi bargo ne. Duk ɗanta ko 'yarta da aka yi wa haihuwar fari, sai ta saƙa wa jaririn bargo mai furanni launi-launi, kuma ba wanda ya yi kama da na wani. Ta yi wa kowa. Auta kaɗai ta rage.

Shekarar da aka jawo wutar lantarki ƙauyen, Baba Kashe na cikin waɗanda suka sa kafaɗa suka ɗauki turaku, ba wanda ya roƙe shi. Da mai haɗa waya ya zo gidan yana tambayar inda za a sa me, Uwar Auta ta ce, "Ni ba na son fanka, ba na son komai. A sa min ƙwai ɗaya a baranda, mai haske, in daina hawaye a kan fitila."

Aka sa mata. Ƙwan nan ya canja gidan. Matar maƙwabci ta fara shigowa da tsintar wakenta, matar tela ta zo da kitso, wata tsohuwa daga bayan layi ta zo da bakinta kawai, don ita hira ce sana'arta. Baba Kashe yakan zauna a ƙofar shago yana jin shewarsu yana cewa mata ba su da aiki, alhali kunnensa na can.

Sai babban ɗansu, wanda ke aiki a birni, ya aiko da firiza. Ta hannu ce, ƙatuwa, fara, mai murfi a sama, fentinta ya ɗan ɓare a gefe. Mutum shida suka sauke ta daga mota, rabin ƙauyen na kallo. Baba Kashe ya kwashe buhunan gishiri ya ba ta kusurwa mafi kyau a shago, ya shimfiɗa mata zane a kai. Ɗan ya yi waya ya ce, "Baba, kada a riƙa kashe ta ana kunnawa, haka suke lalacewa. A bar ta kawai." Maganar nan ta shiga kunnen tsohon ta zauna daram. Abin da ke cikin firizar bai taka kara ya karya ba, kwalaben lemo kaɗan ne da ruwan leda, don ƙauyen ba masu sayen sanyi da yawa. Robar bakin murfin ma ta yage tun zuwanta, sai ya ɗora dutse a kai don ya rufu. Amma gurnaninta na yi masa daɗi. In yana jin ta, ya san akwai wuta, ya san kuma yana da ɗa a birni. Uwar Auta ce ta sa mata suna Babban Baƙo. "Malam," takan ce, "baƙon nan naka ba ya noma, ba ya aike, sai zama da gurnani. Ka tabbata ba ci gare shi ba?"

"Ke dai kin cika neman magana," yakan ce. "Abin da ke yin sanyi ta yaya zai ci wuta?"

Mitar gidan na cikin akwati a saman turke, a kulle. Mai karanta mita ne kawai ke hawa, ya leƙa, ya sauko, ya miƙa takardar kuɗin wuta ya hau babur ɗinsa. Takardar ta fara nauyi. Wata ya bi wata tana ƙara nauyi, har ribar shago ta koma tafiya can gaba ɗaya. Baba Kashe ya riƙe takarda ya ɗaga kai ya dubi gidansa, ya ga ƙwai a zaure, ƙwai a kicin, ƙwai a ɗakuna, ƙwai a baranda, kowanne na ƙyalli kamar yana yi masa dariya. Bai yi shawara da kowa ba. Ai ya san ɓarayinsa, ga su nan a rataye.

Ya fara da na zaure, ya kwance shi ya nannaɗe a jarida ya sa a akwatin takalmi. Takarda ba ta ragu ba. Ya cire na kicin, ya ce a gama girki da sauran rana. Ya hana guga da dutsen lantarki, aka koma na gawayi. Fanka kuwa ya ɗaure makunninta da tsumma. In jikoki sun zo hutu, yana bayansu kamar inuwa, kashe, kashe, kashe. A ƙarshe ƙwayayen ɗakuna ma suka shiga akwatin. Ya zargi maƙwabci da jan waya ta bayan katanga, har suka yi wata guda ba gaisuwa. Ya zargi mai karanta mita da rubuta abin da ya ga dama. Kowa ya sha zargi a ƙauyen nan, ban da Babban Baƙo, wanda ke kusurwarsa da zanensa da dutsensa yana gurnani dare da rana. An bar jaki ana dukan taiki, kuma mai dukan ya rantse shi ne mai gaskiya.

A daidai wannan lokaci idon Uwar Auta ya fara ba ta matsala. Ba ciwo yake mata ba. Gefe-gefen abu ne ke ɓace mata, sai ta yi tuntuɓe da bokitin da ke kusa da ƙafarta, kuma da rana ta faɗi komai sai ya dushe. A ƙarƙashin ƙwan baranda ne kawai take iya bambanta jan zare da ruwan goro. A daidai wannan lokaci kuma Auta, wadda ke aure a wani gari, ta aiko cewa tana da ciki. Uwar ta yi guɗa har kaji suka watse. Washegari ta sa aka sayo mata zare, shuɗi da fari da ja da ɗorawa, ta ce wannan bargon sai ya fi na kowa, don shi ne na ƙarshe.

Ta saƙa kusan rabi lokacin da takardar da ta fi kowacce nauyi ta iso. Da yammacin ranar, matan ba su kai ga zuwa ba, ta fito da kwandonta ta tarar da mijinta a kan kujera, hannunsa a sama yana murɗa ƙwan.

"Malam, me kake yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun tuni. Shi kaɗai ya rage, kuma shi ya fi kowanne girma. Kullum a kunne, don mata su zauna su ci naman mutane."

"Ka bar min wannan. Na bar maka kicin, na bar maka fanka, ban ce uffan ba. Wannan kam ka bar min, idona ba kamar da ba ne."

"Hasken ne ma ke ɓata miki idon. Uwata da fitila ta yi ɗinki har ta tsufa."

"Uwarka idonta ƙalau ta koma ga Allah. Ni nawa tafiya yake, Malam, ina ji a jikina. Ka bari in gama bargon yarinyar nan, in na gama ka cire har wayar."

Ya tsaya, ƙwan a hannunsa da ɗuminsa. Wannan tsayuwar ita ce yake komawa kanta har yau, don ya ji maganar, ta kuma taɓa shi. Amma takardar na aljihunsa, kuma shi mutum ne da in ya hau kujera kunyar saukowa hannu wofi yake ji. Ya ce, "Wata ɗaya kawai. Mu ga abin da takarda za ta ce. In ta sauka, sai in mayar miki da ƙarami."

"In ba ta sauka ba fa?"

Ya sauko, ya nannaɗe ƙwan a jarida, ya kai shi akwatin takalmi wurin 'yan'uwansa.

Takarda ba ta sauka ba. Mai hankali zai ce to ashe ba ƙwan ba ne, a mayar. Shi kuwa cewa ya yi, da a ce ƙwan na nan, Allah kaɗai ya san inda takardar za ta kai. Ya wanke tsohuwar fitilar ƙwai ya kawo mata da hannunsa, har da sabon lagwani, yana ganin ya kyauta. Ta gwada. Ta kusanto da saƙar har zaren ya kusa taɓa gilashi, hawaye na zuba, ta saƙa ja a inda fari ya kamata, ta warware, ta sake, ta sake warwarewa. Ta gwada satar lokaci da rana, amma awaki ba su san da bargo ba, masu sayen ashana ma haka. Matan suka zo sau biyu suka zauna a duhu suna kashe sauro, daga nan kowacce ta sami uzuri. Wata rana da yamma ya shigo ya ga kwandon a saman kwaba, an rufe shi da tsohon ɗankwali. Ba ta yi masa gori ba. Ita da bakinta ba ya shiru, a kan wannan ba ta ƙara cewa komai ba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin ta haƙura.

Auta ta haihu, namiji. Da suka je ganin jariri, a nannaɗe yake cikin bargon kasuwa mai hoton beyar. Auta ta ce cikin wasa, "Mama, ina nawa? Ko don ni ce auta aka manta da ni?" Uwar ta yi dariya ta ce yana nan tafe, saura kaɗan. Ta karɓi yaron ta kai fuskarsa dab da tata, tana juya shi wajen taga tana neman haske. A nan ne Auta ta lura, ta kuma tayar da hankalin kowa sai an je asibiti.

Likita ya duba ya ce ciwo ne mai cin jijiyar ido a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ya ba da magani na ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya rage, amma ya ce an makara ƙwarai. Baba Kashe ya bi shi har bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Likita, zama a duhu na kawo wannan?" Likita ya ce a'a, Baba, ba duhu ba ne, ko a tsakiyar rana take kwana ciwon zai yi abin da zai yi. Tsohon ya dawo gida da sauƙi a ransa. Ba laifinsa ba ne, likita ma ya faɗa.

Bayan damina Babban Baƙo ya mutu. Ba wanda ya taɓa shi. Wata safiya Baba Kashe ya buɗe shago ya ji shiru, ya ga ruwa ya malalo har ƙarƙashin buhunan shinkafa. Ya bubbuga firizar, ya girgiza ta, ya cire waya ya mayar, ko tari ba ta yi ba. Ya yi baƙin ciki kamar an yi masa rasuwa, ya ce sai ɗansa ya zo a san yadda za a yi.

Ƙarshen wata mai karanta mita ya hau turke, ya leƙa, ya goge gilashin da hannun riga ya sake leƙawa. Ya sauko yana dariya.

"Baba, wannan watan kuma me ka kashe? Ko gidan gaba ɗaya ka kashe?"

Tsohon ya karɓi takardar. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba gani ba ta kai ba. Ya juya ta baya, ya duba ko ta maƙwabci ce aka ba shi. Tasa ce.

"Ban kashe komai ba," ya ce a hankali. "Abu ɗaya ne ya mutu da kansa."

Babur ya tafi. Ya shiga shago ya tsaya a gaban firizar. Ya ɗauke dutsen, ya yaye zanen, ya ɗaga murfin, ya bi robar nan da yatsa inda ta yage. Ta nan sanyin ke fita, injin na ta fama ba hutu, shekara da shekaru, shi kuma yana zaune a gefe yana jin daɗin gurnanin. Ya tuna akwatin takalmi cike da ƙwayaye. Ya tuna maƙwabcin da ya ƙi gaisarwa. Sannan ya tuna maganar likita, wadda ya riƙe kamar laya, ya ga ba ta wanke shi daga komai ba. Gaskiya ne ba shi ya ɗauke mata ido ba. Amma idon yana da sauran yammaci da yawa a cikinsa lokacin da ya hau kujerar nan, isassu a gama bargo har a fara wani, kuma shi ya sa ta ƙarar da su tana zaune a duhu. Da na sani ƙeya ce. Ya zauna a kan buhun gishiri, dattijo da furfurarsa, ya yi kuka ba sauti, har wata mata ta leƙo sayen sabulu ta koma da baya.

Da ya faɗa wa Uwar Auta, ya so ta yi masa faɗa. Ya so ta zage shi, ta tara masa 'ya'ya, ta ce ai ga shi nan. Sai ta yi dariya har da tafa hannu. "Ban faɗa maka ba? Na ce baƙon nan ci gare shi!" Dariyar ta fi zagi zafi.

Washegari ya hau mota zuwa kasuwar gari. Bai taɓa akwatin takalmin ba, sabo yake so. Ya ce wa mai kayan wuta ya ba shi ƙwan da ya fi kowanne haske, aka ba shi wani fari, aka ce masa irin na yanzu ne, ga haske ga rashin cin wuta. Bai ko yi ciniki ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Rana ta faɗi, an ci abinci, tana zaune a tabarmarta a baranda inda ta saba, hannayenta a kan cinya. Ta ji ƙarar jan kujera.

"Malam, me kake hawa da tsufanka? In ka faɗo wa zai ɗauke ka, ni?"

"Ƙwai nake mayar miki."

"Allah sarki. Takarda fa?"

"Ki bar takarda."

Ya murɗa ƙwan ya sauko, ya shiga ɗaki ya sauko da kwandon daga saman kwaba, ya kakkaɓe ƙurar ɗankwalin ya ajiye shi a gefenta. Sannan ya danna makunni. Barandar ta cika da haske fari fat, har layin tururuwa a jikin bango ana gani, har zanen tabarma, har furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗaurinta. Fuskarta na sama, tana murmushi, tana jira.

"To, kunna mana mu gani," ta ce.

Hannunsa na kan makunnin. Sai ya kashe a hankali yadda ba za ta ji ba, ya sake dannawa da ƙarfi, ƙas.

"Na kunna."

"Da haske kuwa?"

"Da haske, Uwar Auta."

"Madalla." Ta laluba ta jawo kwandon, ta zaro rabin bargon ta shimfiɗa a cinyarta, yatsunta na bin furannin ɗaya bayan ɗaya har suka kai inda saƙar ta tsaya, kwarashin na soke a wurin. "Hannuna bai manta ba, launin ne ban sani ba. Zo ka zauna, tunda kai kana gani. A wane zare na tsaya?"

Ya durƙusa kusa da ita, gwiwoyinsa na ƙara. Ya duba.

"Ja," ya ce.

"To miƙo min jan."